Ɗana zai tafi karatu Kampala, wane irin kaya zan haɗa masa?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Babban ɗana ya samu gurbin karatu a Kampala ta ƙasar Yuganda, wata mai zuwa zai tashi in Allah ya yarda. Ƙaninsa ya nuna min taswira, wai layin nan da ya raba duniya biyu ta cikin ƙasar ya ratsa, ga shi ba su da teku. Na ce to zafinsu ya fi na Sakkwato a watan Afrilu ke nan. Har na sa tela ya ɗinka masa riguna shara-shara guda biyar. Don Allah wanda ya taɓa zama can ya taimaka min.

Tsohon Ɗalibi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Shekara uku na yi a garin, kuma irin lissafinki na yi kafin in tafi. Daren farko da sallaya na lulluɓa, don ban je da bargo ba.

Abin da taswira ba ta nuna miki ba shi ne tudu. Kampala ta ɗara teku tsawo da kusan mita 1,200, Kano kuwa wajen 500 ce, kuma duk yadda aka hau sama iska sanyi take ƙarawa. Da rana da wuya zafi ya kai digiri 30, da asuba ya sauko wajen 17, alwala sai ka ɗan cije. Babu hunturu da ƙurarsa, leɓe ba ya tsagewa.

Ruwa ne abin shiri. Damina biyu suke yi, Maris zuwa Mayu, sai kuma wajen Satumba zuwa Nuwamba, tsakaninsu ma ba ya ɗaukewa ɗungurungum. Tafkin Victoria, wanda babu kamarsa girma a Afirka, a gefen garin yake, hadari ba ya musu wuya. Ƙasar ja ce jawur, garin kuma hawa da gangara. Ranar Juma'a na taɓa hawa acaɓa, boda-boda suke ce masa, da farar shadda bayan an sha ruwa. Har yau jan taɓon bai fita ba.

Ki sa masa rigar sanyi biyu, bargo, lema, takalmi rufaffe da gidan sauro, don akwai zazzaɓin cizon sauro. Kilishi kuma ya cinye da wuri. Nawa na yi ta tattali a cikin takarda, sati uku na buɗe na tarar ya yi fumfuna.

Bakatsine:
Malam ya faɗi gaskiya, sai dai Kampala ba ita ce Yuganda duka ba. Kudu kam kore shar, ayaba da kofi ko'ina, ga dajin Mabira a hanyar Jinja, inda kogin Nilu yake fita daga tafkin. Amma ka nausa arewa maso gabas, yankin Karamoja, sai ka rantse Daura ka dosa: ƙaya, busasshiyar ciyawa, makiyaya da shanunsu, damina ɗaya. A yamma kuma duwatsun Rwenzori sun haura mita 5,000, har ƙanƙara ce kwance a kansu, alhali suna dab da layin da ya tsorata Hajiya. Rashin tekun a farashi ake jinsa, don yawancin mai da kayan waje daga Mombasa ta Kenya ake jigilarsu, tafiyar sama da kilomita 1,000.

Uwar Biyu:
Ikon Allah, ƙanƙara a Afirka! Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe zan shiga kasuwa neman bargo. To tuwo fa, ana samu?

Tsohon Ɗalibi:
Akwai na masara, posho suke kiransa, da wake ake ci. Sai matoke, ɗanyar ayaba ce ake turarawa a cikin ganyenta. Kuka da daddawa da yaji dai daga gida, kuma a gwangwani mai murfi, kada a leda.