Kwalekwalen Dufuna: Kakannin Wa?

Ɗan Fune: Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, yaranmu sun san dalar Masar, amma ba su taɓa jin labarin kwalekwalen Dufuna ba, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙaramar hukumarmu ta Fune, nan Jihar Yobe. Tsawonsa ya haura mita 8, daga gungumen madaci guda aka sassaƙa shi, gwaji kuma ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Ba a taɓa tono jirgin ruwan da ya girme shi a Afirka ba. Aikin kakanninmu ne, mun yi watsi da shi.

Malamar tarihi: Malam, kakannin wa kake nufi? Ba a samu rubutu a jikinsa ba, babu kuma wanda zai iya faɗin harshen da masassaƙinsa yake magana da shi.

Ɗan Borno: Malama, amsar a fili take. A wancan zamani Tafkin Chadi ya ninka girmansa na yanzu sau da yawa, kuma duk wanda ya san tarihin tafkin ya san masu shi.

Bafulatani: Ikon Allah! Da makiyayinmu ya mayar da ƙasa ya rufe ramin, da yau babu abin da za ku yi gardama a kansa.

Ɗan Borno: Ai wanda ya tsinci kaya ba shi ne mai kaya ba.

Wani dattijo: Ni shekarun ne ban gamsu da su ba. Turmin mahaifiyata bai cika shekara talatin ba gara ta cinye gindinsa.

Malamar tarihi: Baba, turmin yana shan iska a tsakar gida. Shi kuwa kwalekwalen yana binne ne kimanin mita 5 cikin jiƙaƙƙiyar laka inda iska ba ta shiga, shi ya sa masanan Jami'ar Maiduguri da na Jami'ar Farankfot ta ƙasar Jamus suka fito da shi a 1994 da siffarsa.

Ɗan Fune: Jama'a, maganar koyar da yara na kawo.

Shugaban zaure: A taƙaice, an amince kwalekwalen tsoho ne, Malama kuma ba ta kawo hujjar da ta kore mutanen tafki daga mallakarsa ba. Ni ma, a matsayina na jikan Barebari, haka na gani. An rufe muhawara.