Ina cikin shekarar istaj, ga juna biyu, majo ya ce ba ni da hutun haihuwa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ni ungozoma ce a wata likitar ƙauye cikin jihar Tawa. Na yi sabis sibik, wato hidimar ƙasa, na daɗe ina kwantaragi, sai bana Allah ya nufa na samu matirkil, wato lambar zama ma'aikaciyar gwamnati. Yanzu ina cikin istaj, wato shekarar gwaji kafin a tabbatar da ni, kuma watan haihuwata zai riga ƙarshenta. Majonmu, wato shugaban likitarmu, ya ce mai istaj ba ta da hutu, in na tafi ba zai sa hannu a takardata ba, za a soke sunana. Maigida ya ce in yi shiru, in lallaɓa shi da ɗan alheri. Mi ya kamata in yi?

Inna Mai Ritaya: Ɗiyata, kwantar da hankalinki. Majo bai ɗauke ki aiki ba, gwamnati ta ɗauke ki. Dokar da ke riƙe da ke ita ce mai lamba 2007-26 ta 23 ga Yuli 2007, dokar ma'aikatan gwamnati. Gwajin shekara guda ne. In ta cika, ko a tabbatar da ke, ko a ƙara miki wata shekarar sau ɗaya tak, ko a sallame ki in aikin bai yi ba. Shi majo ra'ayinsa kawai zai rubuta, takarda ta hau sama, can Yamai ake yanke magana. Haihuwa kuwa ba laifin aiki ba ce. Mako 14 ne hutunta a ƙasar nan. Maganar ɗan alheri ki bar ta, wanda kika saba wa da hannu yau, gobe ma hannu zai miƙo.

Baban Nana: Inna ta faɗi gaskiya, amma a ƙauye mutumin da ke kanki shi ne gwamnatinki. Ni dai kar ki ja da shi. Wataƙila tsoro yake ki tafi ki bar shi shi kaɗai da masu naƙuda.

Ɗan Sandika: Baban Nana, babu wanda ya ce ta yi faɗa. Amma ƙarancin ma'aikata matsalar manya ce, su za su nemo mai riƙon wurin. Ƙanwata, duk abin da aka faɗa da baki iska ce. Ki je likita ya ba ki takardar shaidar ciki mai nuna lokacin haihuwa. Ki rubuta neman hutu, ki bi ta hannun majo ɗin kamar yadda tsari ya ce, ki sa a buga miki tambari da kwanan wata a kan kwafinki. In ya ƙi karɓa, kai wa babban likitan gundumarku. Cikin wannan takarda ki nemi a amsa miki a rubuce ko za ki rama kwanakin hutun a ƙarshen istaj, don ki san ranar da za ki fara neman tabbatarwa. Kuma kar ki kuskura ki bar wurin aiki kafin izini ya fito, don wannan ne abin da za a iya kama ki da shi. Ki nemi wakilin SUSAS, sandikar ma'aikatan lafiya, na yankinku tun yanzu.

Maman Biyu: Ki adana takardar kama aiki da arete ɗinki, wato takardar gwamnati ta ɗaukarki aiki, kamar zinari. Daga ranar kama aiki ake lissafi. Ki yi kwafi da yawa, ki ɗauki hotonsu a waya, dosiye yakan yi ɓatan dabo a hanya.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Inna, to in ya rubuta mini mugun maki don haushi fa?

Inna Mai Ritaya: Shi ya sa aka ce ki tara takarda. Rajistar haihuwa da ta awon ciki duk da rubutun hannunki a ciki, ga jadawalin gadi. Ki rubuta ƙorafi zuwa ga na sama da shi, ki haɗa da kwafin neman hutun mai tambari, wakilin sandika ya raka ki.