Ina kuke lokacin zagayen ƙarshe na Abu Dabi 2021?

Mai Tuta

Assalamu alaikum jama'a. Duk sanda aka ambaci Lewis Hamilton na ƙungiyar Mercedes ko Max Verstappen na Red Bull, ba a yin nisa sai zance ya koma tseren motoci na Formula 1 da aka yi a Abu Dabi, daga nan kuma sai cacar baki. Yau ina so mu bi ta wata hanya. Kowa ya faɗi inda yake ranar Lahadi, 12 ga Disamba 2021, da abin da idonsa ya gane masa, da yadda ya kwana. Don waɗanda suka shigo harkar daga baya: direbobin biyu sun isa filin Yas Marina, don tseren ƙarshe na shekarar, da maki 369.5 kowannensu, abin da rabon a gani tun 1974. Rabin makin nan daga Beljiyam ya samo asali, inda ruwan sama ya hana tsere aka raba rabin maki. Wanda ya riga ɗan'uwansa ƙarasawa shi ne zakara. In kuma dukansu suka fita, kambu na Verstappen ne, don ya ci tsere 9, Hamilton 8. To bismillah.

Kibiyar Azurfa

Wa alaikumus salam. A falo nake tare da ƙanena, wanda shi ɗan Red Bull ne na ƙin ƙari. Wajen zagaye na 50 har na fara lallashinsa, ina ce masa yaronku shekararsa 24 kacal, yana da sauran lokaci. Hamilton ya ba da tazarar fiye da sakan goma, ga zagaye 58 ne duka tseren. Na ma rubuta saƙon taya murna a waya, "kambu na takwas", ina jiran tuta in tura.

Da wani direba, Latifi, ya daki bango a zagaye na 53, aka fito da motar tsaro, wadda ke shiga gaba ta rage wa kowa gudu har tazara ta rufe, gabana ya faɗi, amma ban karaya ba. Na ƙirga da yatsu: kafin a ɗauke motar, a share hanya, a bar waɗanda aka yi wa zagaye, wato waɗanda na gaba suka riga da zagaye guda, su wuce, ai tsere ya ƙare a bayan motar tsaro. Sai ga rubutu ya fito a allo cewa ba za a bar su su wuce ba. Na ce alhamdulillahi, ko an sake buɗe tseren akwai motoci biyar tsakanin Lewis da Max. Ban gama rufe baki ba sai na ga Norris da Alonso da Ocon da Leclerc da Vettel suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, motar tsaro kuma ta kashe fitilunta. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Ƙanena ya yi ihu har muryarsa ta dishe, ya juyo ya ga fuskata, sai ya ɗauki wayarsa ya fita waje ya ƙarasa murnarsa a can. Wannan karamcin ban manta masa da shi ba.

Jan Sa

Ni kuwa na riga na rage sautin talabijin tun wajen zagaye na 45, ina kallon hoto kawai, don ba na son jin masu sharhi suna naɗa wa Hamilton rawani. Tun tashi abin ya ƙi mu. Max ne a gaba da taya mai laushi, wadda ta fi kama kwalta, amma Lewis ya riga shi kwanar farko. A zagayen farkon nan Max ya kutsa ta ciki, Lewis ya yanke kwana ya fito a gaba, alƙalai suka ce ba sai an bincika ba. 'Yan Mercedes ba sa son a tuna musu wannan.

Abin da ya fi tsaya min a rai ma ba zagayen ƙarshe ba ne. Pérez ne, abokin Max a Red Bull. Yadda ya tare Hamilton da tsofaffin tayoyi, a wuce shi ya sake ƙwacewa, har Max ya rufe tazarar da ta kusan kashe mu. Nan ne na yi tsalle na ture kofi daga kan tebur. Na ƙarshen kuwa, gaskiya ban tsaya tambayar doka ba. An ba direba dama ya yi amfani da ita. Mercedes sun samu zarafin canjin taya sau biyu suka ƙi shiga, laifin wa?

Bakanike

Malam Jan Sa, a nan zan ɗan ja da kai. Ni ba na kallon tsere sai da allon lokuta a waya a gefena, kuma ranar idona ya fi zama a kan lambobi fiye da talabijin. Wanda ke gaba ba shi da zaɓin da na baya yake da shi. Da Hamilton ya shiga canjin taya a zagaye na 53, Max zai yi zamansa a waje ya karɓi gaba, in kuma tseren ya ƙare a bayan motar tsaro, Mercedes sun miƙa kambu da hannunsu ke nan. Max kuwa babu abin da zai rasa, na bayansa yana nesa, don haka ya shiga aka sa masa masu laushi. Tayoyin Lewis masu tauri ne da aka ɗaura tun zagaye na 14. Sun yi sama da zagaye 40, ga shi sun huce saboda tafiyar hawainiya a bayan motar tsaro. Taya in ta huce ba ta kama kwalta. Da na ga motocin nan biyar sun wuce, na ajiye wayar na ce wa abokin kallona an gama. Ya ce ai saura zagaye guda. Na ce masa ka dai zuba ido.

Maman Iman

Ni a filin nake, a rumfar arewa, wadda ke kallon kwana ta biyar. Kyautar maigida ce, shi ya shirya tafiyar. Abin da zan faɗa muku zai ba ku mamaki: mu da ke wurin mun fi kowa rashin sanin abin da ke faruwa. Ba ma jin rediyon Wolff, shugaban Mercedes, da Masi, daraktan tsere, lasifikar filin kuma ƙarar motoci da ihun mutane sun danne ta. An fara tsere da sauran rana, aka ƙare cikin hasken fitilu, ga 'yan Holan masu goyon bayan Max sun cika gefenmu da riguna ruwan lemo. Da motar tsaro ta fito sai kowa ya duƙa kan wayarsa, intanet kuma ta ƙi motsi saboda cunkoso.

Sai kawai muka ga motocin biyu sun taho a manne. A gaban idona Max ya faɗa ta ciki. Na ga hayaƙin lemo ya turnuƙe, wani dattijo ɗan Holan da ke layin gabanmu ya durƙusa yana kuka. Wata matashiya da tutar Birtaniya a kafaɗa ta zauna ta rufe fuska. Ni a lokacin na ɗauka tsere ne mai tsabta, an yi gwagwarmaya gwani ya ci. Sai da muka fito muna jiran mota wayoyi suka dawo, na ga Mercedes sun shigar da ƙorafi har biyu. Muna masauki, can cikin dare, aka ce alƙalai sun yi watsi da su. Ana cewa gani ya kori ji, amma ranar nan ku da ke gida kun fi mu gani.

Ɗan Dare

Ina wurin aiki, ina satar kallo a waya, hoton nawa kuma yana baya da kusan minti biyu. Ana cikin zagaye na 57 a wajena sai saƙo ya faɗo ta saman allo cewa Verstappen ne zakara. Na ɗauka motar Hamilton ce ta lalace. Haka na kalli zagayen ƙarshe na riga na san sakamako, ina jiran in ga hayaƙi ya tashi daga injin Mercedes. Tun daga ranar nake kashe sanarwa kafin tsere.

Dokin Maranello

Kowa na maganar Lewis da Max, ba mai tuna Sainz, direban Ferrari. Ni ɗan Ferrari ne, ba ni da kaso a rigimarku, da abokai na kalla ina ta dariyar ɓangarorin biyu. Amma ku duba: Sainz ne na uku. An kwashe motocin da ke gaban Max, aka bar Ricciardo da Stroll a tsakanin Max da Sainz. Wato an share wa mutum ɗaya hanya, na bayansa kuma aka bar masa shinge. In da adalci ake nema, ai shi ma yana da haƙƙin ya nemi nasara a zagayen nan. Wannan ne ya nuna min ba tsere aka sake buɗewa ba, an shirya karon mutum biyu ne don masu kallo.

Wani abin da ya ƙona min rai, ranar ce tseren ƙarshe na Kimi Räikkönen, wanda ya ɗauko mana kambu a 2007. Motarsa ta samu matsala ya fita tun tsakiyar tsere, hayaniya ta binne bankwanarsa.

Tsohon Ɗan Kallo

'Ya'yana, ni tun zamanin Senna da Prost nake wannan kallo, don haka abin da na zauna ina tsoro daban ne. Na ga Suzuka 1989 da 1990, inda karo ya raba gardama. Ga kuma abin da ya faru a shekarar ta 2021 kanta: Silverstone, inda Max ya ƙare a shingen tayoyi aka wuce da shi asibiti, da Monza, inda motarsa ta hau kan ta Lewis. Na zaci ɗayansu zai kwashe ɗan'uwansa. Ba su yi ba. Direbobin sun fita kunya, matsalar daga ɗakin masu hukunci ta fito.

Jikana ne ya nemo min dokar a daren, sashe na 48.12, ya karanta min. Abu biyu ne a ciki. Na farko maganar motocin da aka yi wa zagaye, wadda Red Bull suka ce dokar ba ta ce dole sai dukansu ba. Na biyu shi ne ya fi nauyi: bayan sun wuce, motar tsaro sai ƙarshen zagaye na gaba za ta shiga. Da an bi wannan, tsere ya ƙare a bayanta. Alƙalai suka jingina da wani sashe da ya ba daraktan tsere iko kan motar tsaro.

Amma ni Masi tausayi ya ba ni a daren. Mutum ne da aka ɗora wa aikin Charlie Whiting, tsohon daraktan tsere, bagatatan, bayan rasuwarsa a 2019, ga shugabannin ƙungiyoyi suna yi masa magana a kunne kai tsaye duniya na ji. Wolff ya roƙe shi kada ya fito da motar tsaro lokacin da motar Giovinazzi ta tsaya. Daga baya 'yan Red Bull suka matsa masa cewa zagaye ɗaya kawai suke buƙata. Kamar alƙalin wasan ƙwallo ne a ce masu horarwa biyu suna riƙe da rigarsa yana shirin hura usur. A watan Fabrairun 2022 aka cire shi, a watan Maris rahoton FIA, hukumar da ke kula da tseren, ya ce kuskure ne irin na ɗan Adam, aka gyara dokar ta ce duka motocin, aka kuma hana shugabannin ƙungiyoyi yi wa darakta magana a tsakiyar tsere. Sakamako dai bai canza ba: Verstappen 395.5, Hamilton 387.5.

Gimbiyar Kwalta

Baba ya gama magana kan doka. Ni abin da ya biyo baya ne ya dame ni. A daren ina cikin wani rukunin magoya baya a WhatsApp, kafin wayewar gari an fara yaɗa cewa wai biyan Latifi aka yi ya yi haɗari. Mutumin da ke fama da Mick Schumacher a can ƙarshen layi, ina shi ina shirya wa wani kambu? Da na ce a ji tsoron Allah sai aka ce ni 'yar leƙen asirin Red Bull ce, alhali hular Mercedes ce a kaina. Na fice. Bayan 'yan kwanaki Latifi ya fito ya ce har barazanar kisa aka yi masa.

Sai kuma tsegumin ritaya. Lewis ya taya Max murna a filin, mahaifinsa Anthony ma ya je ya gaisa da Max da babansa Jos, ranar 15 ga wata aka karrama Lewis a fadar Windsor, washegari Mercedes suka janye ɗaukaka ƙara. Daga nan ɗif, bai sake cewa uffan ba har watan Fabrairu. Kullum da safe sai na duba shafinsa, kullum kuma sai an samu wanda ya rantse wata majiya ta tabbatar masa ya ajiye tuƙi.

Bakanike

Baba, akwai hanya ta uku da nake ta nanatawa tun daren. Jar tuta. Masi da kansa ya yi haka a Baku a watan Yunin shekarar, da tayar Max ta fashe: ya tsayar da tsere, kowa ya canza taya, aka sake tashi daga layi saura zagaye biyu. Da ya yi haka a Abu Dabi, an samu tseren da ake so a gani, kuma su biyun da sababbin tayoyi. Wanda ya ci, ba mai cewa komai.

Kibiyar Azurfa

Wallahi da na yarda da wannan. Taya da taya, Lewis ya fi shi gudu ranar, kowa ya gani.

Jan Sa

Yaya Kibiya, a hankali dai. Tunda Malam Bakanike ya kawo Baku, ka tuna yadda aka ƙare a can. An sake tashi, gwaninka ya taɓa wani maɓalli a sitiyari bisa kuskure, birki ya ƙi, ya miƙe a kwanar farko ya ƙare ba maki ko ɗaya, Pérez ya ɗauke tseren. Ku kawo jar tutar, mu ma muna so.