An ce 'yata mai shekara 7 ta koma atisayen jimnastik awa 12 a mako, ku ba ni shawara

Maman Hanifa: Assalamu alaikum iyaye. Shawara nake nema, musamman wajen waɗanda yaransu ke wasan jimnastik. A Gwarinpa muke, Abuja. 'Yata shekararta 7, tun tana 'yar mitsitsiya ba ta zama wuri ɗaya, daga alkafura a falo sai tsayuwa da hannu a jikin bango. Bara na sa ta a wani ƙaramin kulob kusa da mu, a ɗakin taron wata makaranta, Alhamis da yamma da Asabar da safe, awa ɗaya da rabi kowane zuwa. Kayansu katifu ne da ɗan katakon tafiya da bai kai gwiwata ba. Malamar mace ce, yaran ba sa wuce takwas, mu iyaye kuma muna benci muna kallo.

Kwanan nan wata ƙawata ta kai mu wani babban kulob a cikin gari. Kocin ya gwada ta, ya ce tana da baiwa, a ba shi ita a rukunin masu gasa: kwana huɗu a mako, daga huɗu zuwa bakwai na yamma. Kuɗin zango ya ninka wanda nake biya sau uku, ban da rajista da rigar gasa da man mota. Wurin kam ya haɗu, har da rami cike da soso inda yara ke faɗawa in suna koyon juyi a sama. Sai dai iyaye ba sa shiga, a bakin ƙofa ake karɓar yara. Kuma ya ce in ta wuce shekara 8 ba ta fara ba, ta makara.

Lokacin ya ci karo da Islamiyya. Abbanta ya ce ya bar mini zaɓi, amma kada a taɓa karatun Alƙur'ani. Ita kuwa tun da ta ga ramin soson nan ba ta da zance sai shi. Ina tsoron tauye mata baiwar da Allah Ya ba ta, ina kuma tsoron ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Don Allah me kuka gani?

Anti Rabi: Wa alaikumus salam Maman Hanifa. Ni aikina gashin ƙashi ne a asibiti, don haka ta ɓangaren jiki zan yi magana. Awa 12 ta yi wa 'yar shekara 7 yawa. Akwai ma'auni mai sauƙi da masu kula da lafiyar 'yan wasa suke bayarwa, ƙungiyarsu ta Amurka ma ta sa shi cikin shawarwarinta a 2019: awannin atisayen yaro a mako kada su wuce yawan shekarunsa, kuma a bar masa aƙalla kwana biyu na hutu. Ke nan ita iyakarta awa bakwai.

Dalili kuwa, a ƙarshen ƙashin hannun yaro, dab da wuyan hannu, akwai wurin da ƙashin ke ƙara tsawo. Guringuntsi ne, bai gama ƙwari ba. A jimnastik hannu ke ɗaukar nauyin jiki gaba ɗaya, ana dira a kansa sau ba adadi. In abin ya yi yawa wurin sai ya fara ciwo, in aka ci gaba da danne shi yana iya taɓa girman ƙashin. Haka diddige ma, yara masu yawan tsalle kan yi fama da ciwonsa. Haka ƙasan baya, saboda yawan lanƙwasawa ta baya.

Ko ina kika bar ta, ki riƙa lura. In kin ga tana yarfe hannu bayan atisaye, ko tana ɗingishi da safe, ko ta ce bayanta na ciwo in ta gantsare, a tsaya a duba ta. Ki kuma tambayi kocin kai tsaye: in yarinya ta ce hannunta na ciwo, me kake yi? Wanda ya ce miki sai an daure ake zama gwani, ki ɗauke 'yarki.

Abban Sadik: Hajiya, bari in ɗan kare kocin, don ɗana yana irin wannan babban kulob. Maganar farawa da wuri ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Simone Biles, shahararriyar 'yar jimnastik ta Amurka, tana shekara 6 ta fara. Nadia Comaneci ta Romaniya shekararta 14 lokacin da ta samu maki goma cif a gasar Olamfik ta Montiriyal a 1976. Kuma kayan aiki ba ado ba ne. Katakon da mata ke gasa a kai faɗinsa santimita 10 ne kacal, tsayinsa daga ƙasa santimita 125. Ba a koyon juyi a sama a kan katifar da aka shimfiɗa bisa siminti, nan ne ma ake karyewa. Akwai matakin da in ta kai, ƙaramin kulob ba shi da abin da zai ƙara mata.

Amma "ta makara" ɗin nan akwai ciniki a ciki. Tun 1997 sai mace ta kai 16 take shiga gasar manya ta duniya. 'Yar shekara 7 da ta riga ta yi shekara tana koyo ba ta makara da komai ba.

Ummu Yasmin: Ni daga Ingila nake rubutu, 'yata ta yi shekaru tana wannan wasa a nan. Abin da ya tsaya mini a rai a bayaninki shi ne ƙofar nan da ake rufewa. A watan Yunin 2022 aka fitar da rahoton binciken da lauya Anne Whyte ta jagoranta kan jimnastik a Birtaniya, bayan mutum fiye da 400 sun ba da bayani. An samu yaran da ake aunawa a sikeli ana kunyata su a gaban 'yan'uwansu, ana hana su abinci, ana sa su atisaye da rauni a jiki, ana yi musu tsawa har su yi kuka. Da yawa a manyan kulob masu kawo lambobin yabo abin ya faru, kuma iyaye na waje ba su sani ba. Sai a ƙarshen 2023 hukumar wasan ta nan ta hana koci auna nauyin yara. A Amurka kuma kowa ya ji labarin Larry Nassar, likitan tawagar ƙasar, wanda aka yanke wa ɗaurin shekara 40 zuwa 175 a 2018 saboda lalata da 'yan mata 'yan wasa.

Ban ce wannan kocin mugu ba ne, Allah Ya kiyaye, ban san shi ba. Amma in ƙasashen da ke da dokoki da masu sa ido sun ga haka, ni ba zan miƙa 'yar shekara 7 a bakin ƙofa in juya ba. In sun ce iyaye na raba hankalin yara, to su ba ki taga ko wani lungu da za ki riƙa hangowa. Ki tambaya ko akwai mace cikin masu koyarwa a kowane lokaci, da kuma wa ke raka yara banɗaki da wurin canza kaya.

Abban Sadik: Wannan gaskiya ne. Namu ma ba a shiga fili, amma akwai gilashi, duk abin da ake yi muna gani.

Hajiya Inna: 'Yata, ni lissafin ranar yarinyar nake yi. Ta tashi da asuba, ta tafi boko, ta dawo wajen biyu ko uku, ta ci abinci a tsaitsaye, a shiga mota. Magariba ta same ta a can. A dawo cikin cunkoson yamma, ga aikin gida na makaranta, ga wanka. Yaushe za ta yi tilawa, yaushe za ta yi wasa da ƙannenta, yaushe za ta yi barci? Wannan shekarun ne hadda ke zama a kai. Abbanta ya yi gaskiya. Sannan ki yi tunanin sutura tun yanzu, don nan da shekara uku ko huɗu zancen zai taso.

Ummu Yasmin: Hajiya, batun sutura da sauƙi. Dokar wasan ta yarda da riga mai rufe hannu da ƙafa har idon sawu. 'Yan matan Jamus da ita suka yi gasar Turai a 2021, da ita kuma suka je Olamfik ta Tokiyo. Kocin da ya ce ba a yi, bai bincika ba ne.

Malam Bala: Na daɗe ina koyar da motsa jiki a makaranta. Maman Hanifa, kada yawan awa ya ruɗe ki. Ki nemi izini ki zauna darasi ɗaya daga farko har ƙarshe, ki zaɓi yarinya guda ki bi ta da ido. Sau nawa ta hau kayan wasa, minti nawa ta yi tsaye a layi tana jira? Yara ashirin a hannun koci ɗaya na awa uku, wallahi wani lokaci ba su kai yara takwas na awa ɗaya da rabi samun aiki ba.

Ki duba ko suna ɗumama jiki sosai kafin a fara. Ki duba hannun kocin in yarinya za ta juya: yana kusa da ƙugunta a shirye ya tare ta, ko yana gefe da waya? Ki duba yadda ake buɗe ƙafa. In kin ga babba ya hau bayan yarinya yana danna ta ƙasa tana hawaye, wannan ba koyarwa ba ce. Ki duba fuskar yaran da suka daɗe a wurin, in sun faɗi dariya suke su tashi ko kocin suke kallo a tsorace. A shekara 7 abin da ake ginawa shi ne tsayuwa da hannu a miƙe, ƙarfin ciki da kafaɗa, da iya dira ba tare da an ji ciwo ba, kuma duk wannan ana yin sa a kan katifa. In malamarku ta yanzu tana gyara mata waɗannan ɗaya bayan ɗaya, ba ƙaramin abu kike samu ba. Ki kuma tambayi kowannensu inda ya yi horon koyarwa, da ko kulob ɗin na da alaƙa da hukumar jimnastik ta Nijeriya.

Maman Biyu: Ta fannin kuɗi, ki sa babban kulob ɗin su rubuta miki na shekara gaba ɗaya a takarda: zango, rajista, riga, kuɗin shiga gasa, mota da masauki in za a fita gari, har da na kocin, don sau da yawa iyaye ake raba wa. Ki ɗora man motarki na kwana huɗu a mako. Sannan ki tambaye su gasa nawa suka kai yara bara, kuma a ina. Ɗan Nijeriya na farko da ya yi jimnastik a Olamfik shi ne Uche Eke, a Tokiyo, bayan zinaren da ya ci a wasannin Afirka na Rabat a 2019, kuma a Amurka ya tashi ya yi horonsa. Hanyar ba ta gama shimfiɗuwa a nan gida ba, don haka kada ki taɓa kuɗin makarantar ƙannenta saboda alkawarin baki. Kada kuma ki biya zango guda a dunƙule, ki nemi wata-wata.

Maman Hanifa: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na kira su ɗazu. Sun ce rukunin gasa ba a rage kwana, amma suna da ajin Asabar na awa biyu da ake biya wata-wata, kuma sun yarda in zauna in kalli darasi ɗaya. Na yi magana da malamarta ma, ta ce za ta iya mayar da ita Alhamis da Juma'a, tunda babu Islamiyya. In na haɗa, awa biyar ke nan a mako. Anti Rabi, kwana uku a jere bai yi yawa ba? Malam Bala, koci biyu ba za su rikita ta ba?

Anti Rabi: Awa biyar ta yi daidai. Jerin kwanakin ne ban so ba, hannun na buƙatar hutu a tsakani. In malamar za ta yarda, ki bar Alhamis kawai da Asabar ɗin tukuna, ki ga yadda jikinta ya karɓa wata biyu kafin ki ƙara Juma'a.

Malam Bala: Ba za ta rikice ba in kowannensu ya san da ɗayan. Ki gaya wa malamar abin da ake koya mata ranar Asabar, kada yarinya ta zo tana gwada juyin ramin soso a kan katifar makaranta. Ranar da za ki je kallon, kada ki sanar da su wace Asabar ce, kuma ki isa kafin a fara.