Wunin farko a Bankok: waɗanda suka san gari ku zo mu haɗa wa sababbin zuwa bayani

Mai kula da zaure: Assalamu alaikum. Akwai 'yan uwa da ke shirin zuwa Bankok, babban birnin Tailan, saro kaya a karon farko, kuma tambayarsu ɗaya ce: daga saukar jirgi zuwa kwanan farko, me mutum zai tarar? Wanda ya san gari ya faɗi abin da ya gani da idonsa, da farashi in ya riƙe. Ban da labarin ji-ta-ji-ta.

Alhajin Kantin Kwari: Wa alaikumus salam. In fara da filin jirgin Suwannafum, don a nan baƙo yake fara asarar lokaci. Mai fasfo ɗin Najeriya kada ya bi ayarin fasinjoji zuwa layin shige da fice kai tsaye. Ya fara neman teburin jami'an lafiya, ya miƙa katin rigakafin shawara, su tantance shi. Wanda ya tsallake wannan zai yi layin banza, in ya kai gaba a mayar da shi baya. Akwai kuma katin shigowa na intanet da ake kira TDAC, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Mayu 2025. Ana cike shi cikin kwana uku kafin isowa, kuma kyauta ne, duk shafin da ya ce a biya ba na gwamnati ba ne. A riƙe takardar otal da tikitin komawa a buge a takarda, da tsabar kuɗi daidai da bat 20,000 (bat shi ne kuɗin ƙasar), don suna iya cewa a nuna musu. Biza kuwa daga gida ake samowa, ba a ba mu a filin jirgi.

Canji: kada ka canza da yawa a kantunan banki na wurin ɗaukar kaya. Ka sauka hawa na can ƙasa inda tashar jirgin ƙasa take, 'yan canjin wurin sun fi ba da farashi mai kyau. Takardar dala 100 ta fi ƙananan takardu daraja, kuma wadda ta yage, ko aka yi rubutu a jikinta, ba za su karɓa ba. Sai da fasfo ake canji.

Hajiya mai kayan yara: Alhaji ya gama da ciki, ni bari in fito da ku waje. Abin da zai fara marin mutum shi ne iskar garin. Ba irin zafin Kano ba ne da za ka shiga inuwa ka samu sauƙi. Gumi ne ke tsatstsafowa ba ya bushewa, har da daddare. Shadda mai sitaci ba kayan wunin farko ba ce, a sa yadi mara nauyi. Amma a riƙe mayafi ko ƙaramar riga, don sanyin cikin jirgin ƙasa da manyan kantuna shi ke sa wa mutane mura.

Hanya biyu ce zuwa Faratunam, unguwar da yawancinmu ke sauka. Jirgin ƙasa na filin jirgi yana kai mutum tashar Racafarob cikin kusan minti 25 a kan bat 40, daga nan tafiyar ƙafa ce zuwa wajen dogon benen Baiyoke. In da manyan akwatuna biyu, a haƙura da shi, don gefen titin unguwar ya cika da masu kasa kaya, jan akwati a ciki wahala ce. Tasi kuma a hawa na ɗaya ake samu: ka ciri tikiti a na'ura, ta nuna maka lambar layin motarka. Mita tana farawa daga bat 35, ka ƙara bat 50 kuɗin filin jirgi, kuɗin babbar hanyar sama kuma kai za ka biya a ƙofofin karɓa, bat 25 da bat 50. Duka-duka ka ƙiyasta 400 zuwa 500. Tikitin nan kada ka ba direba, shi ne shaidarka in ka manta kaya a mota.

Ɗalibi a Bankok: Hajiya, a ƙara musu da cewa duk wanda ya tare su a zauren fitowa yana cewa tasi, tasi, ba direban layi ba ne, kuɗinsa ya ninka. Sannan sunan otal da boko ba ya amfanar yawancin direbobi. A sa otal ɗin ya turo adireshinsa da rubutun Tailan, a ajiye hoton a waya.

Motoci hannun hagu suke bi. In za ka tsallaka titi dama za ka fara dubawa, saɓanin yadda ƙafarka ta saba. 'Yan acaɓarsu masu rigar ruwan lemo suna hawa har kan hanyar masu tafiya a ƙafa. Tsakanin ƙarfe 4 na yamma da 8 na dare kada ka shiga mota a titin Fecaburi ko Sukumbit in kana da zaɓi, tafiyar kilomita uku tana cin awa guda mita na ƙirgawa. Jirgin saman gada na BTS shi ne mafita. Daga tashar Cit Lom akwai gadar masu ƙafa mai rufi da za ta kai ka har Platinum, babban kantin sarin tufafi na Faratunam, ba tare da ka taka titi ba.

Alhajin Kantin Kwari: Ɗalibi ya manta jirgin ruwa. Mai zuwa kasuwar Bobe daga Faratunam ba shi da abin da ya fi kwalekwalen mashigin Saen Saep, kuɗinsa bai kai bat 20 ba, minti goma ka isa. Sai dai ruwan ƙazantacce ne, ka ja ledar gefe in wani jirgin zai gifta, kuma ba ya jiran mai nawa wajen shiga.

Hajiya mai kayan yara: Alhaji, wannan jirgin ban ba mace mai zani da jaka shawarar ta fara da shi ba. A bar shi sai kwana na uku.

Maganar kasuwa ita ce inda na fi so a saurara. Kasuwar asuba ta Faratunam, wadda ake bazawa a lungunan gindin Baiyoke, tana ci tun wajen ƙarfe 5, zuwa 9 an fara kwashewa. Nan ne araha take. Matsalar ita ce agogonsu yana gaban namu da awa 6, wato biyar ɗin asubarsu sha ɗayan darenmu ne, jikin baƙo bai san an wayi gari ba. Saboda haka ranar farko ba ta saye ba ce. Ka zaga da littafi, ka karɓi katin shago, ka rubuta hawa da lambar layi a bayansa, don shagunan Platinum kamanninsu ɗaya, in ka wuce ba lallai ka sake gane wurin ba.

Farashin sari yana farawa daga guda uku a yawancin shaguna, wasu su yarda ka gauraya kala, wasu a'a, ka tambaya kafin a ɗaure. Ba a gwadawa, ba a mayarwa. Abin da suke kira girma ɗaya mai shiga kowa an yanka shi ne a jikin mutanensu, ba zai shiga yawancin matanmu ba. Ki tafi da tef ɗin awo, ki auna ƙirji da tsawo da kanki, kada ki yarda da harafin da ke wuyan riga. Ciniki da kalkuleta ake yi, shi ya danna, ke ki danna. Ragin ba ya da yawa, in kin raba kuɗin biyu irin na Kwari sai mai shago ya juya miki baya. Ɗaga murya kuma abin kunya ne a wurinsu, ciniki ya mutu ke nan. A buɗe ƙunshi a ƙirga a gabanki kafin a naɗe da salatif. Mai neman yadi da kayan ɗinki ba nan zai tsaya ba, kasuwannin Fahurat da Samfeng zai nufa.

Malamin Soi 7: 'Yan uwa, a kula da alƙibla. Mu da muka tashi muna kallon gabas, a Bankok yamma ake fuskanta, a ɗan karkata arewa. Masallacin Darul Aman yana lungu na 7 (Soi 7 a bakinsu) a titin Fecaburi, ana iya takawa daga Faratunam, kuma lungun cike yake da masu abinci Musulmi. Ku nemi khao mok kai, shinkafa ce mai kurkur da kaza. Akwai kuma gidajen abincin Larabawa a Sukumbit lungu na 3, unguwar Nana, sai dai sun fi tsada.

Abincin bakin titi shi ne tarkon. Ganin kaza a faranti ba hujja ba ne, domin romon da man suyar suna iya zama na alade, tukunyar kuma ɗaya. Alade a bakinsu shi ne "mu". "Mai kin mu" na nufin ba na cin alade, "mai fet" kuma kada a sa yaji. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne a nemi koren tambarin halal, ko a ga mai sayarwa da hijabi. Ruwan famfo ba a sha, kwalba tana wajen bat 10 a kantin 7-Eleven, kuma babu lungun da babu shi. In kun ga an rubuta 2568 a jikin gwangwani kada ku rikice, shekararsu tana gaban ta Miladiyya da 543.

Ɗalibi a Bankok: Malam, ga ƙananan abubuwa da ke ɓata daren farko. Filogin gida mai ƙafa uku masu kusurwa ba ya shiga soket ɗinsu, a zo da adafta. Layin waya na AIS ko True sai da fasfo. Na'urar ATM tana cire bat 220 zuwa 250 a kowane cira da katin waje, ko nawa ka cira.

Mai tuk-tuk, keke napep ɗinsu, in ya ce zai zaga da kai gari a bat 20, shagon duwatsun ado ko na tela zai kai ka ya karɓi la'ada. Wanda ya tare ka kusa da babbar fadar sarki ya ce yau a rufe take, ka ƙarasa ƙofa ka gani da idonka.

Alhajin Kantin Kwari: Sauran na doka ne, kuma ba wasa. Sukar sarki ko iyalinsa ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ne. Hotonsa na jikin kuɗi, in takarda ta faɗi iska na ja kada ka take ta da ƙafa. Sigarin lantarki haramtacce ne. Wuce kwanakin biza tarar bat 500 ce kowace rana har zuwa 20,000, in kuwa 'yan sanda suka riga kama ka kafin ka kai kanka filin jirgi, tsarewa ce. Suna yawan tsayar da baƙar fata a wajen Nana da daddare, fasfo ya zama yana jikinka. Saƙon wani kuma, ko na makwabcin ɗakinka ne a otal, kada ya shiga jakarka sai ka buɗe ka ga abin da ke ciki.

Hajiya mai kayan yara: Masu shirin Afrilu su duba kalanda. Daga 13 zuwa 15 bikin Sonkiran ne, ana watsa wa kowa ruwa a titi ba a tambayar ko kai baƙo ne, shagunan sari da yawa kuma a rufe suke kusan mako guda saboda masu su sun tafi garuruwansu. A ɗaga tikitin zuwa bayan 20 ga wata.