Littafin Roland Allen ne ya yaye majami'unmu daga hannun 'yan mishan?

Ɗalibin Tauhidi: Salama gare ku iyaye da yayye. Ni dai a ganina, cikin littattafan Kirista da aka rubuta a farkon ƙarni na 20, babu wanda ya kama ƙafar na Roland Allen, Missionary Methods: St. Paul's or Ours?, wato Hanyoyin Aikin Mishan: Na Bulus ko Namu?, wanda ya fito a 1912. Shi ne ya sa majami'un Afirka suka tsaya da ƙafafunsu. Mai ja ya zo.

Dattijon Ikilisiya: Ɗana, ka ɗauko da zafi. Fara gaya mana abin da ke ciki tukuna, ba kowa ya karanta ba.

Ɗalibin Tauhidi: To Baba. Allen limamin Angilika ne ɗan Ingila, ya yi aikin mishan a arewacin ƙasar Sin, yana cikin waɗanda aka yi wa ƙawanya a Beijin lokacin boren 1900. Hujjarsa ita ce, cikin shekara goma da 'yan kai kacal manzo Bulus ya kafa ikilisiyoyi a larduna huɗu, Galatiya da Makidoniya da Akaya da Asiya, har ya fara shirin wucewa gaba. Yakan yi wa'azi, ya yi baftisma, ya naɗa dattawa daga cikin mutanen garin, ya danƙa su ga Ubangiji, ya kama hanya. Ku duba Ayyukan Manzanni 14:23. Su kuwa Turawan zamaninsa sai su gina gidan mishan su zauna shekara da shekaru, kuɗi a hannunsu, mulki a hannunsu, wai masu bi ba su kai ba. Allen ya ce wannan rashin amincewa ne da Ruhu Mai Tsarki.

Malamar Tarihi: Ƙanena, ka bai wa Allen gonar wani. Henry Venn, sakataren CMS, ƙungiyar mishan ta Angilika, tun daga 1841, shi da Rufus Anderson na Amurka, su ne suka yaɗa maganar cewa ikilisiya ta mallaki kanta, ta ciyar da kanta, ta yaɗa bishara da kanta. A kan wannan aka naɗa Samuel Ajayi Crowther, ɗan Afirka, bishop a 1864. Ba a ma haifi Allen ba, shi ɗan 1868 ne.

Ɗalibin Tauhidi: Yaya, to ina aka kwana da manufar Venn? A 1890 samarin Turawan mishan suka ci mutuncin Crowther da limamansa a bakin kogin Kwara, ya rasu a 1891, aka ɗora Bature a kujerarsa. Maganar ta mutu, Allen ne ya tashe ta.

Malamar Tarihi: Ya tashe ta a takarda. Wa ya saurare shi? Shi da bakinsa ya ce sai wajen 1960 za a gane rubutunsa. Ya rasu a Nairobi a 1947. Ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafafunta a 1954, tarayyar ikilisiyoyi da yanzu ake kira TEKAN a 1955, duk kafin a sake buga littafin a Amurka ya yi kasuwa. Guguwar neman 'yancin kai ce ta tura kowa, ga kuma darasin ƙasar Sin, inda aka fatattaki 'yan mishan bayan 1949, kowa ya ga ruwan da ya ci makwabcinsa.

Fasto: Ni inda na rabu da Allen daban ne. Bulus yana shiga gari yake nufar majami'ar Yahudawa, ya tarar da mutanen da suka san Musa da annabawa, ga Helenanci kowa na ji, ga Tsohon Alkawari an riga an fassara. Wanda ya hau tsaunukan Filato ko ya shiga kudancin Kaduna a 1910 me ya tarar? Harsuna barkatai, yawancinsu ba a taɓa rubuta su ba. Ta yaya zai naɗa dattijo bayan wata shida ya tafi? Kuma Bulus ɗin ma ya yi shekara ɗaya da rabi a Koranti, ya yi uku a Afisa. Ikilisiyar Filibi ta riƙa aika masa gudummawa.

Ɗalibin Tauhidi: Ranka ya daɗe, shekara uku da shekara hamsin ba ɗaya ba ne. Kuma Filibi sabuwar ikilisiya ce take tallafa wa ɗan mishan. A nan ɗan mishan ne ke biyan mai bishara albashi.

Mama ta Zumuntar Mata: Ku da kuke zancen gidan mishan kamar kurkuku, a asibitin Vom aka haifi wasunku, a Gindiri iyayenku suka yi karatu. Da an bi shawarar wannan bawan Allah an yi wa'azi an wuce, wa zai kula da kutare?

Dattijon Ikilisiya: Mama ta faɗi gaskiya. Ni kuma in ana zancen littafi, ku bar ni da Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932, wanda Dakta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, har da 'yan ƙasa, suka sha wahalarsa. Da shi masu bishara suka shiga ƙauyuka, Bature na Jos yana shan shayi. Su ba su taɓa jin sunan Allen ba.

Ɗalibin Tauhidi: Baba, ai ka ba ni hujja ke nan! Abin da Allen ya ce zai faru in aka sakar wa masu bi mara, shi ne ya faru.

Malamar Tarihi: A'a, kada ka zame. Cewa ka yi littafin ne ya sa abin ya faru. Yanzu ka koma cewa ya hango. In hange ne, na sallama maka, mutumin ya ga nesa.

Fasto: Kuma tunda kana ƙaunarsa haka, ka nemi littafinsa na 1930, inda ya ce limamai su riƙa sana'arsu suna hidima ba albashi, kamar yadda Bulus ya yi ɗinkin tanti. In ka gama makaranta aka tura ka ikilisiya, zan tuna wa ma'aji.

Ɗalibin Tauhidi: Haba Fasto, ai ban kai wannan babin ba tukuna.

Mama ta Zumuntar Mata: Ka kai ko ba ka kai ba, mu dai mun ji, kuma mu ne masu ƙirga baiko.