Me binciken muhalli na shekara ashirin ke nunawa a birni wanda na shekara uku ba ya nunawa?

Ɗalibar Tsara Birane:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa. Ina karatun digiri na biyu a fannin tsara birane, kuma a cikin abubuwan da aka ba mu mu karanta na yi ta cin karo da binciken muhalli na dogon zango da ake yi a cikin birane, inda masana ke auna ruwa da ƙasa da itatuwa da zafi a wuri ɗaya shekara da shekaru ba tare da sun tsayar da ranar gamawa ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne amfanin wannan ga mai tsara gari. Wa'adin shugaban birni shekara huɗu ne ko biyar, kasafin kuɗi na shekara ɗaya ne, ambaliya kuwa ba ta jiran kowa. To me binciken shekara ashirin zai nuna wanda na shekara uku ba zai nuna ba? Misali takamaimai nake nema, don Allah.

Malamin Kimiyyar Muhalli:

Wa alaikumus salam, Malama. Misalin da na fi sani shi ne na Baltimore a Amurka. Gidauniyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta kafa shirin binciken muhalli na dogon zango a 1980, amma shekarunsa na farko duk a wurare irin su dazuzzuka da tafkuna da filayen ciyawa aka yi su, kamar birni ba muhalli ba ne. Sai a 1997 aka shigar da birane biyu, Baltimore da Phoenix. Tun daga 1998 masu binciken Baltimore suka riƙa ɗibar ruwa mako-mako daga rafin Gwynns Falls da ƙoramun da ke zuba cikinsa, tun daga bayan gari har tsakiyar birni.

Ɗaya daga cikin abubuwan da suke bibiya shi ne sinadarin naitirojin, wanda ke fitowa daga takin zamani da hayaƙin motoci da bututun ƙazanta masu yoyo, ya bi ruwa ya ƙare a mashigin tekun Chesapeake, inda yake haddasa yaɗuwar gansakuka da ƙarancin iskar da kifi ke shaƙa. A 2002 an yi fari mai tsanani a yankin, 2003 kuma ta zo da ruwa kamar da bakin ƙwarya. A lokacin farin, naitirojin ɗin da ke fita daga unguwanni ya ragu sosai, domin babu ruwan da zai kwashe shi. Da ruwa ya dawo sai ya wanke abin da ya taru. Da a ce wata ɗaliba ta yi bincikenta ta rufe a 2002, da ta rubuta cewa unguwannin nan ba su da wata matsala. Wadda ta fara a 2003 kuma da ta ce abin ya lalace. Ko wacce ta auna daidai, amma yanayin shekararta ta auna, ba halin birnin ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan shafar aikinki kai tsaye. An daɗe ana dogaro da dasa itatuwa a gaɓar rafi don tace ruwa, saboda a karkara ƙasar gaɓa tana da laima, kuma bakteriyar da ke cikinta tana mayar da naitirojin iska kafin ya isa rafi. A Baltimore an gano cewa kwalta da rufin gidaje suna turo ruwan sama da ƙarfi lokaci guda, ruwan ya ƙwaƙule gindin rafin ya zurfafa shi, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ja da baya, gaɓar ta bushe. Itatuwan suna nan tsaye kore shar, amma aikin tacewar ya yi rauni ƙwarai. Ido ba ya ganin wannan. Sai da aka haƙa ƙananan rijiyoyin awo aka bi su na tsawon shekaru.

Tsohon Ma'aikacin Ɗibar Samfuri:

Malam ya yi bayanin sakamako, ni kuma bari in faɗi yadda aikin yake a ƙasa, domin na yi shekaru ina irinsa. Babu wani abin burgewa a ciki. Za ka wanke kwalba sau uku da ruwan wurin, ka cika, ka rubuta kwanan wata da lokaci a jikinta, ka saka a kula mai ƙanƙara, mako mai zuwa ka sake dawowa kan dutsen nan da ka tsaya a kai. Darajar aikin duka tana cikin rashin canza komai.

Na ga yadda ake asarar wannan daraja. A wata tashar awon yanayi da na yi aiki, an ɗauke ma'aunin zafi daga tsakiyar ciyawa aka mayar da shi kusa da katangar siminti saboda ana son a yi wurin ajiye motoci, kuma ba wanda ya rubuta ranar da aka yi hakan. Bayan wasu shekaru sai wani mai nazari ya ga zafin dare ya yi tsalle a cikin alƙaluman, ya fara neman dalili a sauyin yanayi, alhali katanga ce ke sakin zafin da ta sha da rana. Sai da aka nemo tsohon mai gadi kafin a kintaci lokacin da abin ya faru. Saboda haka, 'yata, idan kika ga an ce bayanai na shekara ashirin, ki fara tambayar ko da na'ura ɗaya, a wuri ɗaya, da hanya ɗaya aka tattara su, kuma ina littafin da aka rubuta duk wani sauyi.

Injiniyan Magudanan Ruwa:

Ina girmama abin da Malam ya faɗa, amma ina ganin ƙorafin ɗalibar bai samu cikakkiyar amsa ba. Mu ɗauki Phoenix. Tun daga shekarar 2000 masu bincike a can suke komawa filaye kusan 200 duk bayan shekara biyar suna ƙirga tsirrai da auna ƙasa, kuma a 2003 suka wallafa cewa yawan nau'o'in tsirrai a unguwa yana tafiya da arzikin mazaunanta. Daga baya aka nuna cewa unguwannin masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda ba su da inuwa, sun fi zafi. Wannan ilimi ne mai kyau, ban musa ba. Sai dai birnin bai buɗe ofishi na musamman kan matsalar zafi ba sai a 2021, kuma a bazarar 2023 ya yi kwana 31 a jere zafi yana kai wa kusan digiri 43 ko fiye a ma'aunin Selsiyos. Tsakanin sani da aiki akwai tazara mai nisa, kuma tsawon bincike ba shi ke cike ta ba.

Wani abin kuma, Baltimore gari ne mai ruwan sama da dusar ƙanƙara, Phoenix kuwa hamada ce da ake shayar da ita da ruwan da aka janyo daga nesa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hasashen cewa kashi 68 cikin ɗari na mutanen duniya za su kasance a birane nan da 2050, kuma mafi yawan ƙarin a Asiya da Afirka zai faru. Bai kamata a kwafi sakamakon biranen nan biyu a liƙa wa garuruwan da ƙasarsu da damunarsu da tsarin gininsu suka bambanta ba.

Ɗalibar Tsara Birane:

Na gode ƙwarai, malamaina. Ashe ke nan hanyar ce abin ɗauka, ba sakamakon ba? Malam, yaya kake ganin maganar Injiniya?

Malamin Kimiyyar Muhalli:

Maganarsa ta biyu gaskiya ce, kuma ita ce ma hujjar da ta sa kowane babban birni yake buƙatar nasa awon. Ta farkon ce nake da ja a kanta. Alƙaluma ba sa tilasta wa hukuma yin aiki, amma ba tare da su ba babu yadda za a san ko aikin da aka yi ya yi amfani. A 2002 Baltimore ta shiga yarjejeniyar kotu ta gyara bututun ƙazantarta, aiki mai cin kuɗi masu yawa, kuma awon da aka fara shekara huɗu kafin nan shi ne ya ba da abin kwatanta ruwan rafin kafin gyara da bayansa.

Akwai kuma matsalolin da ke tafiya a hankali ta yadda ba wanda zai lura da su a wa'adin mulki ɗaya. A garuruwa masu sanyi ana barbaɗa gishiri a kan tituna don narkar da ƙanƙara. Wani nazari na 2005, wanda ya haɗa bayanan Baltimore da na wasu sassan arewa maso gabashin Amurka, ya nuna cewa a lokacin hunturu gishirin wasu ƙoramu yana kai kashi ɗaya cikin huɗu na gishirin ruwan teku, kuma ko da bazara ba ya sauka yadda ya kamata, domin ya riga ya taru a ƙasa da ruwan ƙarƙashinta. Wani ɓangare na alƙaluman da suka tona wannan ba masana jami'a ne suka tara su ba. Ma'aikatan ruwan sha ne da suka yi shekaru da dama suna auna ƙoramun da ke cika madatsun ruwan birnin Baltimore. Idan kina neman inda za ki fara naki aikin, Malama, ki je hukumar ruwa da ofishin hasashen yanayi na birnin da kike nazari, ki tambayi tsofaffin littattafan awonsu, ki duba shekarar da suka fara da kuma wuraren da aka samu giɓi.